Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsokaci Kan Haske da Inuwa a Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

Na san da zarar wasu sun ga kan wannan maƙala za su taɓe baki su ce, "Me ya haɗa mujallar Hausa da wasan yara?" Ina roƙon a yi mini uzuri a bi ni har ƙarshe, in ya so sai a yanke hukunci. Harshen da muke karantawa ya kamata ya iya ɗaukar duk wani zance da matasa ke yi a bakin titi, kuma wasan bidiyo yana cikin manyan zantukan matasan yau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani musu da na tarar a wani shagon wasa da ke bayan makarantarmu. Samari biyu ne suke ta ja-in-ja a kan wasannin ƙwallon ƙafa guda biyu, tsoho da sabo. Mai goyon bayan tsohon ya ce ya fi daɗin bugawa, domin ɗan wasa yana bin hannunka yadda kake so. Mai goyon bayan sabon bai ko saurari wannan hujja ba, sai ya nuna allon talabijin ya ce, "Malam, dubi gumi a goshin ɗan wasan nan, dubi yadda fitilun fili ke sheƙi a kansa. Ai wannan kamar gaske ne!" Nan take shagon ya yi tsit. Kowa ya yarda an gama magana.

Ni kam ban yarda ba. A nawa ganin, wannan ma'auni na "kamar gaske" gurgun ma'auni ne, kuma ina da dalilai uku. Na farko, tarihi ya nuna cewa hasken wasan bidiyo tun asali dabara ce ta rufa-ido, kuma wanda ya fi inganci a cikinsa shi ne wanda yake gaya wa mai wasa wani abu. Na biyu, tseren neman kama da gaske yana da tsadar da ke korar talaka. Na uku, ita kanta "gaskiyar" da ake bi ɗin, da fuskar wasu aka auna ta, aka bar wasu.

Matsalar da Ake Ƙoƙarin Warwarewa

Kafin a shiga musu, ya kamata a san abin da ake musu a kai. Kimanin shekara dubu da ta wuce, masanin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma yi aiki a Alƙahira, ya rubuta littafinsa Kitabul Manazir. A ciki ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne idan haske ya daki abu ya dawo ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke harba haske waje. Ke nan ba mutum ko bango muke gani ba kai tsaye, hasken da ya taso daga jikinsu muke gani.

To, a cikin kwamfuta babu bango, babu rana, babu fitila. Lambobi ne kawai. Ana gina kowane abu, daga mota har fuskar mutum, da ƙananan alwatika da aka jera, sannan na'ura ta yanke shawarar launin da kowane ɗigo na allo zai ɗauka. Allo mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin ɗigo 1,080 yana da ɗigo 2,073,600. Idan ana son motsi ya tafi sumul, sai an sake wannan lissafi sau 30 ko sau 60 a kowace daƙiƙa. Mai shirya fim ɗin katun yana iya barin na'ura ta kwana tana fitar da hoto guda. Mai shirya wasa ba shi da wannan gata, domin bai san inda mai wasa zai juya kai ba sai ya juya.

Masana sun daɗe da sanin amsar a kan takarda. A 1971 Bafaranshe Henri Gouraud, yana Jami'ar Utah a Amurka, ya fito da hanyar ƙirga haske a kusurwoyin alwatika kawai, sannan a shafe tsakaninsu, sai abu mai kaifin gefe ya yi kama da mulmulalle. Bui Tuong Phong, ɗan ƙasar Biyetnam, ya ƙara da lissafin sheƙin da ke fitowa a jikin abu mai santsi, aikin da aka buga a 1975. A 1980 Turner Whitted ya nuna hanyar da zan kira bin sawun haske: a harba layi daga ido ta cikin kowane ɗigo, a bi shi har ya daki abu, ya yi tsalle ko ya ratsa gilashi, har a kai ga fitila. Abin dariya a nan shi ne, na'urar tana bin hanyar da Ibnul Haisam ya ƙaryata, wato daga ido zuwa waje, saboda ta fi arha: hasken da zai shiga ido kaɗai ake bi. Amma duk da haka, hoto guda na Whitted ya ci fiye da awa ɗaya. A 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell suka nuna yadda jan bango ke shafa wa farin bango ja, sannan a 1986 James Kajiya ya tattara komai a cikin lissafi guda. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. An san hanya, amma babu na'urar da za ta bi ta cikin kashi ɗaya bisa sittin na daƙiƙa.

Zamanin Dabara

Tunda gaskiya ta yi tsada, sai masu shirya wasa suka koma ga wayo. A wasan Wolfenstein 3D na 1992, kamfanin id Software bai ƙirga haske ko kaɗan ba. Abin da ya yi shi ne, bangon da ke fuskantar wata nahiya a ba shi launi mai duhu, wanda ke fuskantar ɗaya nahiyar a ba shi mai haske. Da wannan ɗan bambanci ido ke gane kusurwa.

A Disambar 1993 suka fitar da Doom. Launi 256 kacal wasan yake da shi. John Carmack da abokan aikinsa suka tanadi jadawali mai matakan duhu 32, suka ba kowane ɗaki nasa matakin haske, sannan duk abin da ya yi nisa da mai wasa sai ya ƙara duhu. Wani ɗakin fitilarsa tana kawowa tana ɗaukewa. Babu inuwa ta gaskiya ko ɗaya a Doom, amma mutane sun yi ta zabura a gaban kwamfuta, domin ba su san abin da ke jiran su a ƙarshen lungu ba.

Quake na 1996 ya kawo wata dabarar da zan kira taswirar haske. Tun a ofishin kamfani ake barin na'ura ta ɗauki lokacinta ta ƙirga inda haske da inuwa za su faɗi a kowane bango, sai a adana sakamakon, a shafa shi kamar fenti. Mai wasa yana ganin inuwar ginshiƙi mai laushi a ƙasa, bai san zane ba ne. Quake II na 1997 ya ƙara da haske mai launi da kuma hasken da ke tsalle daga bango zuwa bango. Wannan dabara ta shafe fiye da shekara ashirin tana aiki, har yau ma ba a daina ta ba.

Daga nan sai katin hoto ya shigo fage. Voodoo na kamfanin 3dfx ya fito a 1996. A 1999 Nvidia ta fitar da GeForce 256, wanda ya karɓi lissafin haske daga hannun ƙwaƙwalwar kwamfuta. A 2001 GeForce 3 ya ba masu shirya wasa damar rubuta nasu ƙananan umarnin yadda za a haska abu. A 2007 wasan Crysis na kamfanin Crytek da ke Jamus ya zo da abin da zan kira duhun lungu: na'ura ta duba hoton da ta riga ta zana, duk inda ta ga kusurwa ko tsaga sai ta ɗan baƙanta wurin. Wannan ma ƙiyasi ne, amma ido ya karɓa. Daga 2012 kuma, bayan Brent Burley na kamfanin Disney ya bayyana tsarinsa, masana'antar ta koma bayyana kowane abu da siffofinsa, wato ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, mai kaushi ne ko mai santsi, domin ya amsa kowane irin haske yadda ya dace.

Duk wanda ya bi wannan jeri zai ga cewa shekara talatin aka yi ana yaudarar ido da izinin mai ido. Don haka tambayar da ta dace a yi wa hasken wasa ita ce: wane aiki yake yi?

Hasken da Ke Magana

Bari in kawo misalai. A Super Mario 64 na 1996, inuwar Mario wani baƙin da'ira ne da ke ƙarƙashinsa daidai, ko ta ina rana take. A ilimin kimiyya wannan kuskure ne. A wajen mai wasa kuwa ita ce ke gaya masa inda zai dira idan ya yi tsalle. Da an ba shi inuwar gaskiya mai karkata gefe, da ya yi ta faɗawa rami.

A Thief na 1998, wanda kamfanin Looking Glass ya shirya, ɓarawo kake, kuma duhu ne garkuwarka. Akwai wata 'yar alama a ƙasan allo da ke yin haske idan ana iya ganin ka, ta dushe idan ka ɓuya. Har kibiyar ruwa aka ba ka domin ka kashe wutar da ke ci a bango. A nan haske shi ne dokar wasan baki ɗaya.

A Silent Hill na 1999, na'urar PlayStation ta farko ba ta iya zana gari mai nisa. Masu shirya wasan a kamfanin Konami na Japan sai suka lulluɓe garin da hazo da duhu domin su ɓoye wannan gazawa. Mu da muka san hazon hunturu, mun san yadda mutum ke jin motsi a gabansa bai ga mai motsin ba. Wannan hazo na dole shi ne ya zama ruhin wasan, har bayan da na'urori suka yi ƙarfi ba a cire shi daga wasannin da suka biyo baya ba.

A 2001 da Nintendo ta nuna sabon wasan Zelda mai suna The Wind Waker, mutane da yawa sun yi ca a kai, wai an mayar da jarumi katun. Salon da aka bi shi ne a raba haske gida biyu ko uku kawai, mai haske da mai inuwa, kamar zanen hannu. Wasan ya fito a ƙarshen 2002. Yau idan ka kalle shi yana nan da kyansa, alhali wasannin zamaninsa da suka yi ta fafutukar kama da gaske, fuskokin mutanen cikinsu sun koma kamar 'yar tsanar roba. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya ce zai yi kama da gaske ya shiga gasa da na'urar baɗi, kuma dole ta kayar da shi.

Akwai kuma misalin da ya nuna abin da ke faruwa idan fasaha ta hau kan ma'ana. Doom 3 na 2004 ya yi alfahari da cewa kowace fitila tana jefa inuwarta nan take. Amma kowace fitila tana cin ƙarfin na'ura, kuma hasken ba ya tsalle daga bango, saboda haka duk inda fitila ba ta kai ba baƙi ne wuluk. Aka kuma hana mai wasa riƙe tocila da bindiga a lokaci guda. Wasu sun ce wannan ne ya ba wasan tsoro, amma masu ƙorafi sun yi yawa har wani ya gyara wasan da kansa ya maƙala wa bindiga tocila, kuma a fitowar 2012 kamfanin ya ɗora tocilar a jikin sulken jarumin.

Wannan ya tuna mini da kaina. Ni da girmana na koyi Hausa. A shekarata ta farko na haddace ƙa'idojin nahawu, na je kasuwa na shirya wa wani mai shago jimla doguwa wadda ba ta da kuskure ko ɗaya. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "To, me dai ake so?" Wata yarinya ta zo ta faɗi kalma biyu, ya miƙa mata kayanta. Jimlata daidai take, amma tata ce ta isar da saƙo. Haka hasken wasa yake. Bin dokokin kimiyya nahawu ne, isar da saƙo kuma shi ne magana.

Bin Sawun Haske da Tsadarsa

A 2018 Nvidia ta fitar da katunan RTX masu sashe na musamman domin bin sawun haske, wato dabarar Whitted ta 1980. Battlefield V na wannan shekara ya yi amfani da ita wajen nuna hoton wuta a jikin mota da kududdufi. A 2023 wasan Cyberpunk 2077 ya sami tsarin da kusan duk haskensa da wannan hanya ake ƙirga shi. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana da ban sha'awa.

Sai dai akwai abu biyu da masu talla ba su cika faɗa ba. Na farko, rufa-idon yana nan. Na'urar ba ta iya bin sawun isasshen haske, layi kaɗan take harbawa a kowane ɗigo, sai hoton ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Daga nan wani shiri ya goge yashin ta hanyar ƙiyasi. Sau da yawa kuma ƙaramin hoto ake zanawa, sai fasahar DLSS ta faɗaɗa shi ta cike gurbin da hasashe. Daga 2022 fasahar ta fara ƙirƙiro hoto sukutum a tsakanin hotuna biyu, a 2025 kuma ta kai ga ƙirƙiro har uku a kan kowane guda da aka zana. Wato a wasu lokutan, mafi yawan abin da idonka ke gani na'ura ce ta zata. Wannan ita ce gaskiyar da ake yi mana kirari da ita.

Na biyu, tsada. Katin RTX 5090 da ya fito a farkon 2025, kuɗinsa dala 1,999 ne, wato kusan naira miliyan uku a canjin wannan shekara. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikaci zai yi fiye da shekara uku bai ci bai sha ba kafin ya sayi katin kaɗai, ban da sauran kwamfutar. Wutar da katin ke ja ta kai wat 575, kusan duk abin da ƙaramin janareton nan na ɗakin ɗalibai ke iya bayarwa. Gaskiya ne akwai katuna masu rahusa, amma lura da inda aka dosa. Doom na 1993 yana tashi a kwamfutar ofis mai ƙwaƙwalwar megabait 4. Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya tashi sam sai da katin da ke iya bin sawun haske. Haka ma wasan Indiana Jones da ya fito a ƙarshen 2024. Abin da ya fara a matsayin ado ya zama kuɗin shiga.

Alhali kuwa wasan Minecraft, wanda aka gina da tubala masu kusurwa huɗu, an sayar da fiye da kwafi miliyan 300 nasa zuwa 2023. Na'urar Nintendo Switch ta 2017, wadda ba ta kai takwarorinta ƙarfi ba, an sayar da fiye da miliyan 150. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Fuskar Wa Aka Auna?

Wannan shi ne dalilin da ya fi taɓa ni. Kwanakin baya na zauna da wani wasa wanda yake ba ka damar gina jarumi da kanka. Na zaɓi launin fata irin nawa. A cikin rana sai ya fito furu-furu kamar wanda ya yi wanka da hunturu bai shafa mai ba. Da ya shiga kogo kuwa, ido da haƙora kaɗai suka rage. Na sauya shi zuwa farar fata, a wuri guda da fitila guda, sai ga fuska ta fito da rai har da jan kunne.

Akwai dalili. Idan ka ɗora tocila a bayan yatsunka za ka ga sun yi ja, domin haske yana shiga fata ya yi yawo ya fito. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokansa a Jami'ar Stanford suka fito da hanyar ƙirga wannan yawon haske a ƙarƙashin fata, aikin da har ya samo musu lambar yabo ta fasaha daga masu ba da kyautar Oscar a 2004. Tun daga nan masana'antar fim da ta wasa suka ɗauki wannan a matsayin sirrin fatar mutum. Amma a fata mai duhu, sinadarin melanin yana shanye yawancin hasken da ya shiga. Abin da ya fi fito da siffar fuskar baƙin mutum shi ne sheƙin da ke kan fata, a goshi da kumatu da karan hanci. Idan ka zuba duk ƙoƙarinka a kan yawon haske ka yi sakaci da sheƙi, sannan ka rage launi kawai ka ce ga baƙin mutum, to, toka za ka samu. Farfesa Theodore Kim na Jami'ar Yale, wanda ya taɓa aiki a kamfanin Pixar, ya yi wannan ƙorafi a mujallar Scientific American a 2020, inda ya nuna cewa binciken fata da na gashi a wannan fanni an gina su ne a kan farar fata da miƙaƙƙen gashi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Daga shekarun 1950 masu wanke hoto sun riƙa daidaita launin injinansu da katin kamfanin Kodak da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launi daban-daban. Duk wanda ya duba tsofaffin hotunan iyayenmu zai ga fararen riguna tas da fuskokin da suka nutse a duhu. Saboda haka idan wani ya ce mini wasa ya yi kamar gaske, sai in tambaye shi: gaskiyar wa?

Abin da Masu Ja da Ni Za Su Ce

Za a ce mini kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Za a ce bin sawun haske yana sauƙaƙa wa masu zane aiki, domin a da idan suka matsar da fitila guda sai sun jira na'ura ta sake ƙirga taswirar haske, yanzu kuwa nan take suke gani. Wannan gaskiya ne, na karɓa. Za a ce tsada tana sauka, domin PlayStation 5 da Xbox Series X na 2020 suna da wannan fasaha, har ma wasu wayoyin hannu tun 2022. Wannan ma gaskiya ne. Za a kuma tuna mini cewa shi kansa Quake ya tilasta wa mutane sayen sabuwar kwamfuta a 1996. Ban musa ba.

Hasali ma zan ƙara musu da wata hujja: lissafin da ya fi kusa da kimiyya yana iya zama alheri ga baƙar fata, domin haske ba ya nuna wariya, mutanen da ke zaɓar fuskar da za a gwada shi a kanta su ne ke yi. Wasan Spider-Man: Miles Morales na 2020 ya nuna cewa idan an kula, baƙin jarumi yana fitowa da kyansa ko da dare ne.

Ke nan ba na faɗa da fasahar. Abin da nake faɗa da shi shi ne mayar da ita ma'auni ɗaya tilo, ta yadda mai shago da mai saye da mai sharhi duk za su yi shiru da zarar an ce "kamar gaske". Idan muka karɓi wannan ma'auni, mun yanke wa kanmu hukuncin zama 'yan kallo har abada, domin ƙaramin kamfani a Legas ko Yawunde ba zai taɓa yin gasar kuɗi da manyan kamfanonin Amurka da Japan ba. Amma kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016 da zane mai kama da na hannu, ya kuma kai kasuwar duniya. Mutum guda, Lucas Pope, ya shirya Return of the Obra Dinn a 2018 da launi biyu kacal, aka yi ta ba shi lambobin yabo. A fagen ma'ana muna da damar shiga.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Ruwansa babba ne. Wanda ba shi da sunan abu ba ya iya sukar sa, sai dai ya ce "ya yi kyau" ko "bai yi ba". Hausa kuwa tana da arzikin kalmomi a nan. Ta bambanta haske da sheƙi da ƙyalli da walƙiya. Tana da dishi-dishi, tana da duku-duku na asuba, da hantsi, da almuru. A launin fata tana da wankan tarwaɗa da baƙi mai sheƙi. Ku lura da wannan na ƙarshe: Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kyan baƙar fata a sheƙinta yake, abin da masu lissafin kwamfuta suka yi shekaru suna yi wa riƙon sakainar kashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A cikin wannan maƙala na gwada wasu kalmomi: bin sawun haske, taswirar haske, duhun lungu, yawon haske a ƙarƙashin fata, katin hoto. Na ajiye su a faifai domin malamanmu da 'yan'uwana, musamman waɗanda suka sha harshen a nono, su tace, su gyara, su kawo waɗanda suka fi su. Idan ba mu yi wannan aiki ba, 'yan shagon wasa za su ci gaba da zancensu da Turanci, mu kuma mu ci gaba da kukan cewa matasa sun guje wa harshe.

Kammalawa

A taƙaice, tun daga bangon Wolfenstein mai launi biyu har zuwa hotunan da na'ura ke ƙirƙirowa da hasashe a yau, hasken wasan bidiyo bai taɓa zama gaske ba, kuma ba laifi ba ne. Kama da wane ba ta wane. Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, duk lokacin da aka nuna maka sabon wasa, ka yi masa tambaya uku: me wannan haske yake gaya mini, nawa zan biya kafin in gan shi, kuma idan mai irin fatata ya shiga cikinsa ana ganin fuskarsa?

Na koma shagon nan bayan mako guda, na tarar da mai goyon bayan sabon wasan. Na ce masa ya tsayar da hoto a kan wani baƙin ɗan wasa da ke gefen filin da inuwa ta rufe, ya gaya mini ko wane ne ba tare da ya duba lambar rigarsa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar maganar sai an dawo daga lacca. Har yanzu ina jiran amsarsa, kamar yadda nake jiran martaninku a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana basira.